Tanis a Tsakiyar 2025: Maki Na Wajen Masu Fili

A tsakiyar 2025 an kammala uku daga cikin manyan gasannin tanis huɗu na shekarar, saura ta Amurka a ƙarshen Agusta. A ɓangaren maza, wasan ya koma na mutum biyu. Jannik Sinner na Italiya ya ɗauki kofin Ostiraliya a Janairu, ya yi zaman dakatarwa na wata uku kan batun haramtaccen sinadari, ya dawo ya haɗu da Carlos Alcaraz na Sifen a wasan ƙarshe na Faris. Awa 5 da minti 29 suna fafatawa. Sau uku Sinner na neman maki ɗaya tak ya ɗaga kofi, sau uku Alcaraz na hana shi, kuma a ƙarshe shi ya yi nasara. Bayan mako biyar Sinner ya rama a Wimbledon. Mata kuwa kowace gasa da gwanarta: Madison Keys, Coco Gauff, sai Iga Swiatek da ta lallasa Amanda Anisimova 6-0, 6-0 a Landan.

Ni labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Lois Boisson, 'yar Faransa. Ta shiga gasar Faris tana ta 361 a jerin gwanayen duniya, ta doke Jessica Pegula da Mirra Andreeva, dukkansu cikin goman farko, ta kai daf da wasan ƙarshe. Mako biyu kacal ta koma ta 65, da Yuro 690,000 a hannu. Gwaninta ce, ba musu, balle ga yarinyar da jijiyar gwiwarta ta tsinke a 2024. Amma ta ina ta shiga? Gasar tana ɗaukar mutum 128, mafi yawansu da matsayinsu, wasu ta wasan share fage, sannan akwai gurabe takwas na alfarma da mai gida ke rabawa. Hukumar tanis ta Faransa ce mai gida, ta ba 'yarta. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Da Boisson 'yar Aljeriya ce ko Nijar ko Najeriya, da a waya za ta kalli gasar kamar yadda muka kalla.

Ga yadda abin yake. Matsayin ɗan wasa jimillar makin da ya tara ne cikin mako 52, kuma makin bara zubewa yake idan shekara ta zagayo. Wanda ya ci babbar gasa yana samun maki 2,000. Wanda ya ci ƙaramar gasa mai kyautar dala 15,000, inda kowa ke farawa, maki 15 yake samu, da kuɗin da bai fi dala dubu biyu da ɗoriya ba. A ciki zai biya jirgi da masauki da abinci da mai horarwa, in yana da shi. Wanda aka fitar a zagayen farko na Wimbledon a 2025 kuwa ya koma gida da fam 66,000. Ka ga kenan da ruwan ciki ake jan na rijiya: sai kana da kuɗin yawo za ka tara maki, sai ka tara maki za ka isa inda kuɗin yake.

Mutanen Aljeriya ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. A 2020, lokacin da korona ta tsayar da wasanni, aka kawo shawarar manyan 'yan wasa su tallafa wa ƙanana, Dominic Thiem na Ostiriya ya nuna ba ya ra'ayi. Ines Ibbou, wadda ta taɓa zama ta 23 a duniya a jerin matasa, ta fitar da bidiyo ta amsa masa. Ta faɗi yadda take yawo ita kaɗai, babu mai ɗaukar nauyi, ga wahalar neman biza kafin kowace tafiya. Bidiyon ya zaga duniya, har shugaba Tebboune ya yi alƙawarin taimako. To wannan fa 'yar arewacin ƙasar ce, kusa da teku, kusa da Turai. Yaron da ya tashi a Outoul, kilomita kusan 20 daga Tamanrasset, tsakaninsa da babban birnin ƙasarsa ma kusan kilomita 2,000 ne. Iyakar Nijar ta fi masa kusa nesa ba kusa ba, kuma in ya tsallaka ya nufi Agadas ko Maraɗi, ba inda zai tarar da gasar da ke ba da maki ko ɗaya.

Tunisiya ta gane lissafin tuntuni. A Monastir kusan kowane mako ana buga irin waɗannan ƙananan gasanni, haka Masar take yi a Sharm el-Sheikh. Ɗan ƙasa yana tara maki ba biza ba tikitin jirgi. Ban ga abin mamaki ba da Aziz Dougaz ya tsallake share fage ya shiga gasar Ostiraliya a 2025, ko da Mayar Sherif ta Masar ta kai ta 31 a 2023. Ons Jabeur ma, wadda ta kai ta biyu a duniya a 2022 ta buga wasan ƙarshe na manyan gasanni sau uku, a filayen otal-otal na Sousse ta koyi wasan. A 2025 jiki ya ƙi, ta janye ana tsakiyar wasanta na farko a Wimbledon, daga baya ta sanar za ta huta. Ita ɗaya ta kauce, sai ga nahiya guda ba ta da wadda za ta nuna a sahun gaba.

Na san abin da wani zai ce: Malam, ana fama da tsadar hatsi kana maganar wasan 'yan gayu? Gaskiya ne ba shi ne gaba ba, kuma ba cewa nake a gina katafaren filin wasa ba. Kano na da gasar Dala da aka daɗe ana bugawa, amma ta cikin gida ce, wanda ya ci ya ci kofi da kuɗi, sunansa bai motsa ba a jerin duniya. Filayen suna nan, 'yan wasan suna nan. Abin da ya rage shi ne dala 15,000 na kyauta, da alƙalai masu lasisi, da rajista da hukumar tanis ta duniya. Attajiri ɗaya a Kantin Kwari zai iya ɗaukar wannan bai ji a jikinsa ba. Kuma mai gida shi ke raba guraben alfarma, irin wanda ya buɗe wa Boisson ƙofa.

An ma gwada a yankinmu an gani. A 2025 Abijan ta karɓi baƙuncin gasa mai daraja ta biyu, wadda ake kira Challenger, kuma ɗan gida Eliakim Coulibaly ya ci kofi a gaban mutanensa. Kigali da Brazzaville su ma sun fara tun 2024. Najeriya, wadda Nduka Odizor ɗinta ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon tun 1983, ita ce ya kamata a ce tana gaba, sai ga shi bayan shekaru masu yawa har yanzu sunansa muke ambata.