Kashi 12 na kan takarda: Martani ga masu yabon yarjejeniyar yuraniyom ta 2014

Jama'a, yau zan ɗan jingine maganar littattafai, domin akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin 'yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar, kuma yadda ake yin ta ya fara ba ni haushi. Duk inda aka tayar da zancen mulkin Mahamadu Isufu, wato 2011 zuwa 2021, sai magoya bayansa, waɗanda ake kira 'yan Guri, su zaro makaminsu guda: wai ai shi ne ya tanƙwara kamfanin Areva na Faransa a 2014, ya ɗaga harajin yuraniyom daga kashi 5.5 zuwa kashi 12 cikin 100. Su kuma abokan hamayyarsu ba su da amsa sai zagi, su ce yaron Faransa ne, shi ke nan an tashi taro. To ni ban zo zagi ba. Lissafi na zo da shi, kuma lissafin bai yi wa 'yan Guri daɗi ba.

Da farko dai, dokar da ake tinƙaho da ita ba ta Isufu ba ce. An yi ta ne a 2006, zamanin marigayi Tanja Mamadu. Abin da ya faru shi ne, Areva ya ci gaba da fakewa da tsofaffin yarjejeniyoyinsa na kamfanonin Somair da Cominak, yana biyan kashi 5.5, har wa'adinsu ya ƙare a ƙarshen 2013. Aka yi ta jan ƙafa wata da watanni, sai a watan Mayun 2014 aka sa hannu a Yamai cewa kamfanin ya yarda zai bi dokar. Mai karatu ka ji fa: baƙo ya amince zai bi dokar gidan da ya shekara fiye da 40 yana ci a cikinsa, wai wannan ne abin kaɗa ganga. Haba!

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Dokar ba ta ce a biya kashi 12 kai tsaye ba. Hawa uku ta yi: 5.5, sai 9, sai 12, kuma ribar da kamfani ya nuna ita ce ke faɗin hawan da zai taka. In ribar ba ta wuce kashi 20 na ciniki ba, yana nan a ƙasa. Ba zai taka hawa na ƙarshe ba sai ribar ta kai rabin cinikin. To mece ce ke kawo riba? Farashi. A da, gwamnati da kamfani ne ke zama su yi ciniki a kan kuɗin kilo, shi ya sa Tanja ya iya ɗaga shi daga sefa 27,300 zuwa 40,000 a 2007, ya ƙara ɗaga shi zuwa 55,000 a 2008. Yarjejeniyar 2014 kuwa sai ta ɗaure farashin da kasuwar duniya, a daidai lokacin da kasuwar ke kwance tun bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011. Yuraniyom ɗin da ya haura dala 130 a kan laba ɗaya a 2007, a 2014 ya faɗo ƙasa da dala 30. Ka tuna kuma a lokacin babban mai sayen kayan Somair shi ne Areva da kansa, mai kashi 63 da ɗoriya na kamfanin. Idan farashi ya faɗi, ɗan da ke Arlit ne ke nuna ƙaramar riba ya biya ƙaramin haraji, uban da ke Faransa kuwa ya sayi kaya da araha. An ba ka da dama, an karɓe da hagu.

Wannan ba shaci-faɗi ba ne. A 2017 ƙungiyar Oxfam da wasu takwarorinta sun bi alƙaluman da Areva ya wallafa da hannunsa, suka nuna cewa harajin da ya biya Nijar bayan sabuwar yarjejeniyar raguwa ya yi, ba ƙaruwa ba. Kuma ba za a ce shugaban bai san dawan garin ba. Injiniyan ma'adinai ne, ya riƙe daraktan ma'adinai na ƙasa, ya kuma yi aiki a Somair ɗin kanta. Gwamnatinsa ce a 2012 ta fito ta ce huldar ba adalci a cikinta, tunda yuraniyom bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar kasafi ba. Wanda ya san ciwo haka, a ce maganin da ya kawo ke nan?

Za su ce maka ai an samu Yuro miliyan 90 na gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit, da Yuro miliyan 17 na noma a kwarin Irhazer, an kuma naɗa 'yan ƙasa shugabancin kamfanonin biyu. Gaskiya ne an rubuta haka, ban musa ba. Sai dai hanyar nan ita ce motocin kamfanin ke bi da kayansa a lokacin. Kuma a wannan zaman ne aka yarda a jingine aikin Imuraren, babbar mahaƙar da aka ba Areva lasisinta a 2009, wadda matasan Agadas suka zuba wa ido. Cominak ma an rufe ta a Maris 2021, aka bar mutanen Akokan da tsibin ƙasa mai guba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda aka yi da masu tambaya. Ali Idrisa na ƙungiyar ROTAB, wanda ya dage sai an bayyana abin da aka ƙulla, an tsare shi a Yulin 2014 lokacin ziyarar shugaban Faransa Hollande. A 2017 Nijar ta fice daga shirin nan na duniya na bayyana kuɗin ma'adinai, EITI, sai a 2020 ta koma. A Maris 2018 aka kama Ali Idrisa da Musa Cangari da Nuhu Arzika saboda zanga-zangar ƙin dokar kasafin da ta ƙara wa talaka haraji. Gwamnatin da ta ci riba a ciniki, me zai sa ta ji tsoron mai cewa a buɗe littafi?

Kada kuma masu cewa "zancen ƙasa ne" su yi saurin tafa min. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojoji sun ƙwace lasisin Imuraren daga Orano, sabon sunan Areva, a Yunin 2024, suka mayar da Somair mallakar ƙasa a Yunin 2025. Na fahimci farin cikin jama'a, domin an daɗe ana shan ta, tun 1971 da aka fara haƙa a Arlit. Amma yanzu da mai karɓar haraji da mai biya duk gwamnati ce, tambayar ta ƙara nauyi. Tan nawa aka haƙo? Wa aka sayar wa, a kan nawa? Nawa ya shiga baitulmali? Dokar 2006 ɗin nan ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Nawa Arlit da Ingal da Cirozerin suka gani a hannu? Musa Cangarin da gwamnatin Isufu ta kama a 2018, shi ne dai sojoji suka sake kamawa a Disambar 2024.

Saboda haka ɗan Gurin da zai ba ni amsa, ina roƙonsa kada ya kawo min hotunan gadojin sama na Yamai, na gan su. Ya kawo min abin da Somair da Cominak suka biya a 2013, da abin da suka biya a 2015, mu jera su mu gani.