Gwanin Tsere, Gwanin Hanya Ne?



Kwanan baya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake jan tasi a Kumasi, ya zo gaishe ni. Muna cikin hira sai ya ce, "Malam, da zan sami horon direbobin tsere, da babu hatsarin da zai same ni." Na yi masa alkawarin amsa a wannan fili, domin samarinmu da yawa a zango haka suke tunani.

Gaskiya ne akwai abin koyo wajen masu tsere. Suna hangen nesa, ba sa kafa ido a kan bambar motar da ke gabansu. Ba sa fizgar sitiyari, sun san yadda ake taka birki, kuma ba sa tashi sai sun duba taya. Duk direban da ya ɗauki waɗannan ya ƙaru.

To amma filin tsere daban, hanya daban. A fili kowa gaba ɗaya ya nufa, kowa da hular kwano, ga masu ɗaga tuta in akwai haɗari a gaba, ga motar asibiti a tsaye. A hanyar Kumasi zuwa Tamale fa? Ga akuya, ga mai talla, ga tirela ta lalace a kwana ba alama, ga ɗan makaranta zai tsallaka.

A 1974 wasu masu bincike a Amurka suka gwada tarihin tuƙin masu lasisin tsere da na sauran direbobi. Sai aka ga masu tseren sun fi yin hatsari a hanya, sun kuma fi shiga hannun 'yan sanda saboda gudu. A ƙasar Norwe ma, an tilasta wa sababbin direbobi koyon tuƙi a kan santsi, amma binciken da ya biyo baya ya nuna hatsarin samari a kan santsi ƙaruwa ya yi. Dalili kuwa shi ne, wanda ya ga ya iya, sai ya daina tsoro, ya ƙara wuta.

Dubi Mike Hawthorn na Ingila. Shi ne zakaran tseren motoci na duniya a 1958. A watan Janairun 1959 ya mutu, ba a fili ba, a kan hanyar kowa da kowa. Giuseppe Farina na Italiya, zakaran 1950, shi ma hatsarin hanya ne ajalinsa a Faransa a 1966.

Ga ɗan lissafi irin na aji. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, tun kafin ƙafarka ta kai ga birki. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai ci kafin ta tsaya ya ninku sau huɗu. Wannan doka ba ta san gwani ba.

Saboda haka, ɗalibina, gwanin tsere ya iya fita daga haɗari in ya shiga, gwanin hanya kuwa ba ya yarda ya shiga. Ka bar rata tsakaninka da na gaba, ka rage gudu kusa da makaranta da kasuwa, in barci ya zo ka tsaya. Fasinjanka ba kofi ya biya ka ka ciyo ba, gida yake so ya isa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.