Garin Neman Gira...

Jama'a, akwai wata sara da ta shigo tsakanin samarinmu masu gyaran kwamfuta, daga Kawo har Unguwar Rimi. Wai duk wanda ke amfani da kwamfuta yadda ta zo bai waye ba, sai ya farke cikinta ya harhaɗa kanel da kansa. Har marubuta suke zugawa. Ni kam na ce a'a, kuma ga hujjata.

Kanel ita ce zuciyar babbar manhajar kwamfuta, mai haɗa ta da allo da faifan ajiya da na'urar ɗab'i. Ta Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, ta haura layi miliyan 30. Mai harhaɗa ta zai tarar da dubban zaɓi. Ya kuskure ɗaya, kwamfuta na iya ƙin tashi, ga littafinka mai babi 40 a ciki, ga mai ɗab'i yana jira. Aikin kan ci awanni a tsohuwar na'ura, a garin da ba a sallama kafin a ɗauke wuta. Sannan duk ɓarakar tsaron da aka gano, kai za ka sake harhaɗawa, alhali Ubuntu, da ta fito a 2004, tana toshe wa bugunta mai dogon zango irin wannan ɓaraka kyauta har shekara 5.

Wai shin mene ne ciwon marubucin Hausa? Ƙ ne da ɗ da ɓ. To, waɗannan ba a kanel suke ba! Tun daga Windows 7 akwai tsarin madannan Hausa, kunna shi kawai za ka yi, ba ya cin minti biyar.

Mun ma taɓa ganin darasin. Haruffan Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira sun yi mana rana, Allah ya saka masa. Amma da zarar an kai rubutun kwamfutar da ba ta da su, sai ƙugiyoyin su rikiɗe. Unicode, tsarin da kowa ya yi tarayya a kai, shi ya raba gardama.

Ɗalibi mai koyo ya harhaɗa abinsa, ilimi ne. Amma a tsohuwar na'urarsa, ba a kan wadda wani ke cin abinci da ita ba. Marubuci, kunna madannanka, ka ajiye kwafin aikinka wuri biyu, ka rabu da gyaran gangar Auzinawa.

Allah ya sa mu dace.