Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

 A cikin hutun Babbar Salla na je gida Zadawa gaishe da iyaye, sai Kawuna ya kira ni ɗakinsa ya ce in taya shi jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Da muka buɗe ta sai ga kaset-kaset jibge, wasu da rubutun ajami a jikinsu, wasu ko alama babu. Shi Kawu ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota tsakanin Azare da Kano da Potiskum, kuma a zamanin nan ba ya rabuwa da wata rikoda mai batir. Duk garin da ya yada zango ya ji an ce wani makaɗi ya sauka gidan biki, sai ya je ya ajiye rikodarsa kusa da 'yan amshi ya danna.

Ya ce mini, "Ɗana, kai ne ɗan jarida, kai ka san masu gyara. Duba mini ko da sauran mai rai a cikinsu."

Muka aro rikoda a maƙwabta muka sa na farko. Sai ga kalangu ya tashi, ga guɗar mata, ga sanƙira yana kiran sunayen masu kyauta ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya riƙa bin sunayen yana gaya mini wane ne wane, da sana'arsa, da shekarar da ya riga mu gidan gaskiya. Da muka sa na biyu sai zaren ya manne, rikoda ta ja shi ya tsinke. Na uku kuwa fumfuna ta rufe shi fari fat. Kawu ya juya shi a hannu, ya ce wannan na bikin ƙanensa ne, kuma a cikinsa ne kaɗai muryar mahaifiyarsu take. Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Abin da ya sa na kawo wannan labari a filinmu na yau shi ne, asarar da Kawu ya yi ta shafi ƙasar Hausa baki ɗaya, kuma tana aukuwa kullum a cikin akwatuna dubu ba tare da kowa ya ji ƙararta ba.

Duk wanda ya san kiɗan Hausa ya san makaɗinmu ba ya yin waƙa iri ɗaya sau biyu. Amshi yana nan yadda yake, amma ɗiyan waƙa suna sākewa gwargwadon wurin da aka yi ta, da mutanen da ke zaune, da abin da ya faru a garin a makon nan. Marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999, an san shi da ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a, kuma Bakandamiyarsa kanta ba ta da tsayayyen tsawo, kowane zama da irin tasa. Haka Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, haka Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge. Gaskiya ne kamfanonin faifai na Ikko irin su EMI sun buga waƙoƙin wasu daga cikin makaɗanmu a baƙin faifai, to, amma fuska ɗaya ta babban faifai ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti 20 da 'yan kai, alhali kuwa makaɗi yakan kwana yana wasa. Saboda haka abin da ke cikin faifan kamfani ɗan taƙaitawa ne kawai. Ainihin kiɗan yana cikin abin da aka ɗauka a fada da dandali da gidan biki, kuma sau da yawa kaset guda ne tak a duniya yake ɗauke da wasan wannan dare. In ya tsinke, shi ke nan.

A ƙasashen Turawa an daɗe da gane darajar irin wannan ɗauka. A Amurka an yi wata ƙungiyar masu kiɗan jita na zamani, irin wanda suke kira rok, mai suna Grateful Dead. Ta fara a 1965, ta watse a 1995 bayan rasuwar jagoranta Jerry Garcia. Su ma, kamar makaɗanmu, ba sa maimaita wasa iri ɗaya, don haka suka riƙa ɗaukar wasanninsu suna adanawa, suka kuma ƙyale masoyansu su riƙa ɗauka. Daga 1993 suka shiga fito da tsofaffin wasannin nan ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin sunan Dick's Picks, har suka kai 36 a 2005. Wasan da suka yi a Jami'ar Cornell ran 8 ga Mayu, 1977, sai a 2017 aka fito da shi a hukumance, watau bayan shekara 40, a baƙin faifai da faifan CD da kuma ta intanet. Shi kansa baƙin faifan da muka ɗauka ya mutu tare da garmaho ya dawo kasuwa: a 2022 yawan wanda aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987.

Kada mai karatu ya ce ai wannan al'amarin Turawa ne. Mu leƙa maƙwabciyarmu Nijar. A 1978 wani makaɗin molon lantarki mai allo, Mamman Sani Abdullahi, ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai. Kaset kaɗan aka buga, aka manta da shi. Bayan shekaru fiye da 30 wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya nemi mai shi suka daidaita, aka fito da shi a baƙin faifai a 2013. Dalilin wannan Mamman Sani ya je Turai ya yi wasa bayan ya manyanta. Haka kuma Mdou Moctar, Buzun nan makaɗin jita, kamfanin Matador na Amurka ya tattara wasannin da ƙungiyarsa ta yi a gidajen biki da wuraren hira a Nijar, ya fito da su a 2022 da sunan Niger EP. Wasan gidan biki ne, irin wanda Kawu ya riƙa ɗauka, ga shi ana sayar da shi a birnin Landan da Niyok.

A nan gida Nijeriya ma, kamfanin Soundway na Ingila ya tattara kiɗan rok na samarin Kudu na shekarun 1970 ya fito da shi a 2008 da sunan Nigeria Rock Special. An kuma sake buga faifan marigayi Bala Miller, wanda ya yi tashe a Kaduna da ƙungiyarsa, a Turai bayan rasuwarsa. Abin lura a cikin duk waɗannan misalai shi ne baƙi ne suka zo suka tono. Ban ga laifinsu ba, sun ma cancanci godiya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙo zai ɗauki abin da kunnen Bature zai so, watau jita da ganga mai sa rawa. Waƙar fada mai cike da salsalar sarakuna da kirari da habaici, wadda daɗinta yake cikin harshe, ba wanda zai ceto ta sai mai jin Hausa.

To, ina namu yake? Tun da aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna a 1962 makaɗa suke zuwa ana ɗaukarsu, kuma ma'aikata suna bin su har garuruwansu. Bayan an ƙirƙiro jihohi, ciki har da Jihar Bauchi a 1976, gidajen rediyon jihohi su ma suka riƙa ɗaukar hawan salla da naɗin sarauta da wasannin gargajiya. Ga kuma abin da ke hannun mutane irin su Kawu, da tsofaffin masu shagon kaset na kasuwannin Azare da Misau da Jama'are da Hadeja. Ƙasar Katagum ta ga bukukuwa manya, ko da naɗin Sarki Muhammadu Kabir Umar, wanda ya hau gado a 1980 ya rasu a 2017, da sallolin da aka yi a tsawon mulkinsa. Makaɗa nawa suka yi wasa a ƙofar fadar Azare a cikin shekarun nan 37? Na tabbata akwai masu rikoda a wurin.

Wani zai ce ai waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa sun cika wayoyin hannu da YouTube. Haka ne, amma a saurara da kyau. Yawancinsu an kwafo su ne daga kaset ɗin da shi ma kwafi ne na kwafi, murya ta dushe, ganga ta shige cikin shuu. Ba a faɗin inda aka yi wasan, ko shekarar, ko sunayen 'yan amshi. Wani lokaci ma sai a liƙa wa waƙar wani sunan wani. Sa'an nan kuma ko kwabo ba ya isa ga iyalan mai waƙar. Wannan yaɗawa ce kawai, adanawa daban take.

Dalilin gaggawa kuwa shi ne shi zaren kaset yana da ajali. Siririyar leda ce aka shafe ta da garin ƙarfe, aka riƙe garin da wani irin danƙo, kuma a jikin garin nan murya take. Damshin damina yana shiga danƙon ya sa zare ya manne ko ya riƙa zubar da garinsa, zafin bazara yana sa leda ta lanƙwashe, ƙurar hunturu tana kankare ta, fumfuna kuma tana cin ta. Ba zaren kaɗai ke mutuwa ba, har injin da zai karanta shi. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗi cewa an daina ƙera manyan injunan tef, kayan gyaransu suna ƙarewa, masu gyaran kuma suna tsufa, har suka ambaci wajen 2025 a matsayin lokacin da aikin zai fara gagara. Ko a Azare a yau, nemi mai gyaran rikoda ka ga yadda za ka sha yawo.

Aikin kuwa mai yiwuwa ne, don an yi shi a ƙasar da ba ta fi mu arziki ba. A Gini, wani masani ɗan Ostareliya mai suna Graeme Counsel, da tallafin shirin ceto tsofaffin takardu na Babban Ɗakin Karatun Ingila, ya zauna a gidan rediyon ƙasa da ke Konakiri tsakanin 2008 da 2013 ya kwafe tef fiye da 1,200 masu ɗauke da waƙoƙi fiye da 9,000. Daga baya aka sa da yawansu a intanet don kowa ya saurara.

Shawarata ga Majalisar Masarautar Katagum, da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke Azare, da Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, da gidan rediyon Jihar Bauchi, ita ce su haɗa kai su buɗe ɗaki guda na wannan aiki. Ba ya bukatar gini sabo. Rikoda mai kyau biyu ko uku, da kwamfuta, da ma'aikaci mai haƙuri sun isa a fara. A yi shela ta bakin hakimai da dagatai cewa duk mai tsohon kaset na wasan makaɗa ya kawo aro, a kwafe, a mayar masa da abinsa tare da kwafi a waya. Kowane kaset a zaunar da mai shi a tambaye shi wane makaɗi ne, a wane gari, a bikin wa, a wace shekara, domin bayanin nan yana cikin kawunan dattawa ne, su ma kuwa tafiya suke yi. A ajiye kwafi a wurare biyu ko uku daban-daban saboda gobara da ɓarna. Littattafai irin su Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, za su taimaka wajen tantance waƙa da mai ita.

Bayan an adana sai a zo maganar fitarwa kasuwa, kuma a nan ne ake bukatar tsoron Allah. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, watau waƙoƙin Shata suna da masu su har ƙarshen 2069. Mallakar kaset ba ta mayar da mutum mai waƙar da ke ciki. Don haka kafin a buga ko faifai guda, a zauna da magada a rubuta yarjejeniya, a kuma tuna da 'yan amshi da makaɗan ganga da ke raye, waɗanda da yawansu suna cikin halin rashi. Haka nan a yi hattara da zambo. Waƙar da aka yi a tsakar dare don muzanta wani, alhali jikokinsa suna nan a gari, a adana ta don masu nazari, amma a yi shawara kafin a sake ta duniya. In an kiyaye wannan, sai a zaɓi wasanni mafi kyau a sa su a intanet inda ake biya, a kuma buga kaɗan a baƙin faifai tare da ɗan littafi mai bayani da Hausa da Turanci, don masu tarawa na gida da waje.

Kai kuma mai karatu da ke da irin akwatin Kawu, kada ka jira hukuma. Fito da kaset ɗinka daga ƙarƙashin gado, ka ajiye su a tsaye a wuri mai sanyi marar damshi, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Wanda ka ga fumfuna a jikinsa ka ware shi, kada ka sa shi a rikoda kamar yadda muka yi kuskure. Ka zauna da dattijon gidanku da biro da takarda tun yana iya tunawa.

Ni dai na taho da akwatin Kawu, ana kan kwafe masu rai a cikinsu. Na bikin ƙanen nasa na kai wa wani mai gyara, ya ce zai gwada gogewa a hankali, amma bai yi mini alkawari ba. Duk ranar da Kawu ya bugo waya, tambayarsa ta farko bayan gaisuwa ke nan.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.