Sienna ba ta gaji ba, iska take zuƙa

Maganar da wani ogan makanikai ya yi a rediyo makon jiya har yanzu tana ci mini rai. Wai duk Siennar da ta haura shekara ashirin, in ta fara kakkarwa a silo tana shan mai, kada mai ita ya wahalar da kansa: a sa mata kwamfuta, a canza abin da kwamfuta ta ce, in ta ƙi a sauke injin a ɗora na Beljiyam. Ya faɗa da ƙarfin gwiwa, mai gabatar da shirin kuwa sai "haka ne, oga" yake ta yi. Wannan ra'ayi ne ya cika garejojinmu daga Ƙofar Ruwa har Panteka, kuma shi ne yake talauta direbobin haya.

Kwamfuta ba ta taɓa cewa a canza komai ba. Lamba take bayarwa. A irin wannan larura, lambar da ta fi fitowa ita ce P0171, sau da yawa tare da P0174, kuma abin da suke nufi shi ne iska ta fi ƙarfin mai a sahun silinda na farko da na biyu. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai. Sensar da ke jikin salansa ta ga lissafin ya karkace, ta kai rahoto birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, ta yi aikin da aka sa ta. Sai a kwance ta a jefar, a tura direba kasuwa ya sayo wata. An bar jaki ana dukan taiki. Kwana uku fitilar cek ta dawo, sai a koma kan nozul, daga nan fiyul fam, daga nan kwayil, har a kai mutum ga sayen injin.

Alhali iskar nan ta ɓarauniyar hanya take shiga. Duk iskar da injin zai sha, akwai sensar da ke auna ta a bakin akwatin filta. Wadda ta shiga bayan nan, birenbos bai san da ita ba. Ka duba babban baƙin tiyon nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ya haɗa akwatin filta da bakin totur. Daga sama lafiya lau yake. Sa hannu ka tanƙwara shi, sai ka ga ƙasansa ya dare kamar kaushi. Injin 1MZ-FE mai lita 3.0 da ke cikin Siennar 1998 zuwa 2003, da 3MZ-FE mai lita 3.3 na 2004 zuwa 2006, robarsu ta sha sanyin Amurka, ta zo ta sha ranar Kano da hunturu, ta bushe ƙayau. Ga ƙananan tiyo, ga wanda ya tafi tukunyar birki, ga gaskit ɗin manifol na sama. Shi wannan gaskit ɗin ma makanikan ne da kansu suke kashe shi: in za a canza fulogi ukun baya sai a ɗaga manifol, a gama a mayar da tsohon gaskit, a shafe shi da gam.

Abin takaicin, kwamfutar da suke tinƙaho da ita tana da shafin da ke nuna yawan man da birenbos yake ƙarawa don cike giɓi. In a silo ka ga ƙarin ya kai kashi 20 cikin ɗari, ka taka totur zuwa juyi 2,500 ya sauko kusa da sifili, to iska ce ke shiga, domin a silo iskar da injin ke sha kaɗan ce, sai ta ɓarauniyar hanya ta fi tasiri. In kuwa ƙarin hawa yake yi da an ba ta wuta, sai a nemi fiyul fam ko dattin sensar iska. Minti biyar ya isa. Nawa ne cikin masu ɗauke da na'urar suka taɓa buɗe shafin nan? Goge lamba suka iya, su karɓi kuɗi.

Sannan ga abin da Toyota ke kira ACIS, wanda na lura da yawa ba su ma san amfaninsa ba. Wani murfi ne a cikin manifol da ke buɗewa da rufewa, yana tsawaita ko gajarta hanyar iska gwargwadon gudun injin. Wata 'yar tukunya mai roba a ciki ce ke jan sandarsa da zuƙar injin, ta hanyar ƙaramin bawul na lantarki da tankin ajiyar zuƙa. In robar ta yage, mota ta ɗauki fasinja da kaya sai ta mutu murus a hawa, kuma ba lallai kwamfuta ta nuna komai ba, don wayar bawul ɗin kawai take lura da ita. Gwajinsa ba wuya: a sa ɗan famfon hannu a zuƙe tukunyar, sandar ta motsa, ta tsaya cak har minti ɗaya. In ta koma, robar ta tafi. Me ake yi a garejojinmu? A zare tiyon a cusa masa kusa, a ce wa direba kayan Turawa ne, ba ya aiki a nan.

Za su ce na'urar hura hayaƙi cikin manifol don gano inda iska ke shiga tana da tsada. Wanda ya iya sayen babbar waya ba zai gaya mini haka ba. Za su ce direba ba ya son jira. Ƙarya ne, direban da ya kwana uku yana zaryar sayen sensa ya fi kowa iya jira.

Ai mutanen nan ne dai suka yi shekara da shekaru suna cire tamostat suna haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Na yi ta faɗa, ba a ji ba. Injin da ba ya kai zafinsa birenbos ɗauka yake har yanzu safiya ce, ya yi ta zuba mai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace litar da ta tafi a banza daga cefanen gidan direba ta fita, amma ba ka jin ogan da ya fito rediyo ya janye wannan ɗanyen aikin. Hali ɗaya ne: abin da ba su gane ba su cire, abin da ya yi ƙara su canza.

Direba, motarka ce abincinka. In an ce ka sayo sensa, ce a nuna maka ƙarin man nan a silo da kuma a 2,500, a tanƙwara babban tiyon a gabanka, a gwada tukunyar ACIS kana gani. Wanda ya ƙi, karɓi makullinka ka nemi wani garejin.