Waiwaye: Abin da Korona Ta Yi wa Maƙogwaro

A farkon shekarar 2020, lokacin da korona ta sa ƙasar Italiya a gaba, hankalin kowa yana kan huhu. Tari, sarƙewar numfashi da ƙarancin iskar oksijin su ne zancen safe da yamma. Ana cikin haka, a watan Mayu, likitocin birnin Pisa suka fito da labarin wata budurwa 'yar shekara 18. Korona ta kama ta sama-sama, ta warke. Bayan kamar mako biyu sai ga zazzaɓi, zuciya na dukan uku-uku, ga ciwo a gaban wuya yana harbawa har muƙamuƙi. Da aka auna jininta, sai aka tarar tairod ɗinta ce ta kumbura. Wannan ne karo na farko da aka rubuta irin haka a bayan korona.

Tairod wata 'yar tsoka ce a gindin maƙogwaro, ɓari biyu, dama da hagu. Mu nan mun fi saninta ta hanyar maƙoƙo, wato idan ta yi girma saboda ƙarancin aidin, abin da ya sa aka dage da sa aidin a gishiri. Aikinta sarrafa sinadarai biyu, T4 da T3, masu daidaita ɗumin jiki, bugun zuciya da saurin ƙona abinci. Umarni kuwa daga sama yake zuwa mata: wani ɗan ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke aiko da sinadarin TSH. Idan T4 ya yi yawa, TSH ya ja baya. Idan ya yi kaɗan, TSH ya hau.

Ciwon budurwar nan ba baƙo ba ne. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana shi tun farkon ƙarni na 20, kuma an daɗe da sanin yana biyo bayan cututtukan bairos. Abin lura shi ne yadda yake aiki. Tairod tana ajiye sinadarin da ta sarrafa, na makonni masu yawa. Idan ta kumbura, sai ta zama kamar rumbun da ya tsage: hatsi na ta zuba a ƙasa, mai wucewa ya ɗauka an yi kaka mai albarka, alhali ajiya ce ke tsiyayewa. Shi ya sa da fari mutum ke fama da zufa, rawar hannu, rama da rashin barci. Ajiya na ƙarewa sai abin ya juya: kasala, jin sanyi, maƙarƙashiya, jiki ya yi nauyi. Daga nan mafi yawan mutane sukan dawo daidai cikin 'yan watanni. Ita dai yarinyar Pisa, an ba ta maganin rage kumburi, firednison, kuma cikin kwana 40 awonta ya koma yadda yake.

A Milan kuwa wani salon aka gani. Likitoci sun kwatanta majinyatan da ke ɗakin kulawa ta musamman a 2020 da na 2019, suka ga kashi 15 cikin 100 na masu korona sinadarin tairod ya yi musu yawa, alhali a 2019 kashi 1 ne kacal. Yawancinsu kuma ba ciwon wuya. Dalili biyu aka fi nunawa: ƙofar da ƙwayar korona ke bi ta shiga jiki, wadda ake kira ACE2, akwai ta a tairod, sannan garkuwar jiki kan fusata ta wuce gona da iri, ta taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. Ko a annobar SARS ta 2003 an ga ɓarna a tairod ɗin wasu da suka rasu, sai dai duniya ta yi saurin mantawa.

A ganina, inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin karanta sakamakon awo. Duk wanda ciwo ya kayar sosai, ko wane iri ne, T3 ɗinsa kan sauka, domin jiki na tsimin ƙarfi. Ga shi kuma desametason, wanda tun watan Yunin 2020 ya zama maganin masu korona da ke jin jiki, yana danne TSH. Hefarin, mai hana jini daskarewa, shi ma yana rikita awon T4. Wanda ya yi gaggawa sai ya ɗora wa mutum maganin shan har abada a kan takarda ɗaya da aka rubuta yana kwance. Masu bincike a Landan sun bi majinyatansu bayan an sallame su, suka ga 'yan sauye-sauyen nan sun gyaru da kansu. Haka nan kabimazol, da ake ba wanda tairod ɗinsa ke aiki fiye da kima, ba ya tsinana komai ga kumburin de Quervain, balle maganin kashe ƙwayoyin bakteriya.

Ɗaya tuntuɓen namu ne na gida. Zazzaɓi da kasala, a wurinmu, in ba maleriya ba to taifod. Sai a nufi kemis, a sha wannan a sha wancan, wuya na ciwo ana cewa mura ce ba ta sake ba. Korona dai ta lafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta tun watan Mayun 2023, amma ƙwayar na nan, sauran bairos ma suna nan. Saboda haka, mai karatu, in ka tashi daga mura mai tsanani, bayan mako biyu zuwa shida ka ji gaban wuyanka na zafi in an taɓa, ga faɗuwar gaba da zufa, je asibiti ka nemi a auna maka TSH da T4. In an sami matsala, ka koma a sake awon bayan wasu makonni kamar yadda likita ya tsara. Allah Ya ƙara mana lafiya.