Yaƙin Faifai Ya Ƙare, Ina Makomar Kaset Ɗinmu?

Daga Wakilinmu a Sakkwato

Ran 18 ga watan Yuni na shekarar 2007, wani babban kamfanin ba da hayar fina-finai na ƙasar Amurka mai suna Blockbuster ya ba da sanarwa cewa shagunansa 1,450 za su riƙa ajiye faifan Blu-ray kaɗai, ban da abokin gabansa HD DVD. Mai karatu da ke zaune a Boɗinga ko Shagari yana iya cewa ina ruwan biri da gada, gama ba mu taɓa ganin ƙofar wannan kamfani ba. To, amma a ganina abin da ya faru a can shi ne ya faru da mu har sau uku, ba tare da mun tsaya mun lissafa asarar da muka yi ba.

Ga yadda al'amarin ya kasance. A shekarar 2006 aka fito da faifai iri biyu masu nuna hoto tangaran, wanda ya fi na DVD tsabta nesa ba kusa ba. Kamfanin Sony na Japan da abokansa suka tsaya bayan Blu-ray, kamfanin Toshiba kuwa ya jagoranci HD DVD. Faifan Blu-ray mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 25, na HD DVD yana ɗaukar 15, amma na'urar HD DVD ta fi araha. Babbar matsalar ita ce na'urar wannan ba ta karanta faifan wancan. Blockbuster ya gwada su duka biyu a shaguna 250, ya ga fiye da kashi 70 cikin 100 na masu haya Blu-ray suke ɗauka, sai ya zaɓi gefe. Ran 4 ga Janairu 2008 kamfanin shirya fina-finai na Warner ya bi sahu, a watan Fabrairu Netflix da manyan kantunan Walmart suka biyo baya, ran 19 ga wannan watan kuwa Toshiba ya ce ya haƙura. Duk wanda ya riga ya zuba kuɗinsa a na'urar HD DVD sai ya wayi gari da akwatin da aka daina yi wa sabon faifai.

Ba a ranar aka fara ba. Sony ya fito da kaset na Betamax a 1975, kamfanin JVC ya fito da VHS a 1976. Masana da yawa sun yaba hoton Betamax, amma kaset ɗinsa na farko awa ɗaya yake ɗauka, na VHS kuwa awa biyu, watau ya fi dacewa da tsawon fim. Masu shagunan haya suka cika kantocinsu da VHS, jama'a suka sayi na'urar da za ta karanta abin da ke shago, har a 1988 shi kansa Sony ya shiga ƙera na'urar VHS. A duka yaƙe-yaƙen biyu, kalmar dillali ta fi ta injiniya nauyi.

Mu dawo gida. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya a kan kaset na VHS, daga nan kasuwar fim ɗin Hausa ta buɗe. Dillalan Ƙofar Wambai da Bata ne ke buga kaset su rarraba, ya iso Sakkwato, daga nan ya gangara ta hanyar Jega zuwa Boɗinga da Shagari da ƙauyukansu. Ni kaina na tuna muna yara ana aikenmu shagon haya bayan sallar isha'i, mu dawo da kaset a cikin leda, gida ya cika da maƙwabta, inji yana ruri a bayan ɗaki. A farkon shekarun 2000 sai dillalai suka juya ga faifan VCD, domin bugunsa ya fi sauƙi, ɗaukarsa ya fi sauƙi, ribarsa ta fi yawa. Babu wanda ya shawarci magidancin Ɗancaɗi ko na Dandin Mahe da ya sayar da buhun gero ya sayi bidiyo. Mai shago ya daina kawo kaset, shi ke nan, magana ta ƙare. Bayan VCD aka koma DVD, bayan DVD aka koma wa masu turi, waɗanda ke zuba fim a memorin waya da ɗan kuɗi kaɗan. Shi kuwa Blu-ray da aka yi ta gumurzu a kansa, bai taɓa samun gindin zama a shagunanmu ba.

Shi ma Blockbuster nasararsa ba ta daɗe ba. Kamfanin da ke da shaguna fiye da 9,000 a 2004 ya durƙushe a watan Satumba 2010, bayan kallo ta intanet da aikon faifai ta gidan waya sun janye masa masu ciniki. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Kuɗin na'urar da aka yi asara abu ne da za a iya mayarwa. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne abin da ke cikin kaset ɗin. Duk lokacin da dillali ya sauya faifai, abin da ake nema a kasuwa kaɗai yake kwashewa zuwa sabon, sauran kuwa sai a bar shi a kwali. A cikin waɗannan kwalaye akwai tafsirin azumi na malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, akwai naɗin sarautu, da dambe da kokawa na lokacin kaka, da musabaƙar karatun Alƙur'ani wadda aka fara a nan Sakkwato a 1986, da tarurrukan da marigayi Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, ya halarta a mahaifarsa. Zafin bazara da ƙurar hunturu da danshin damina duk abokan gabar kaset ne. Bugu da ƙari, kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a watan Yuli 2016. Ma'ana, kowace na'ura ta mutu a hannun mai gyara, wata ƙofa ce ta rufe.

Na san akwai masu cewa wannan ai ci gaba ne, abin da ke da amfani kasuwa za ta riƙe shi. Ina roƙonsu su dubi labarin fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da dama an ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Idan aikin da ya fito daga alƙalamin Firayim Minista ya kusa salwanta, yaya ke nan kaset ɗin bikin sallah na wani ƙauye a ƙasar Shagari? Kasuwa tana riƙe abin da ake saye yau ne, ba ta da alkawari da jikokinmu.

Saboda haka shawarata guda uku ce. Ta farko, ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su umarci jami'ansu na yaɗa labarai, tare da hakimai da dagatai, su yi shela a masallatai da ranakun kasuwa cewa duk mai tsohon kaset ko faifai ya kawo a kwafa, a mayar masa da kayansa tare da kwafi a memori, kyauta. Ta biyu, Gwamnatin Jiha ta ɗora wa Hukumar Adana Tarihi ta Waziri Junaidu da gidan talabijin na Rima alhakin sayen na'urorin da suka rage a hannun masu gyara, su kwafi abin da aka tattara, su rubuta sunan wuri da shekara da mutanen da ke ciki tun masu shaida suna raye, su kuma ajiye a wuri fiye da ɗaya. Fim ɗin da ke da mai shi kuwa a nemi izninsa, domin adanawa daban, satar fasaha daban. Ta uku ta magidanci ce: idan aka fito da sabuwar na'ura iri biyu masu gaba da juna, ya riƙe kuɗinsa har ƙura ta lafa, kuma abin da yake ji da shi kada ya bar shi a waya ɗaya tak.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ne ga irin wannan aiki ba. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har zuwa 1815, a Boɗinga ƙaninsa Malam Abdullahi ya zauna yana rubutu. Littattafansu sun iso gare mu ne saboda almajirai sun zauna da tawada da alƙalami, duk lokacin da takarda ta tsufa suka kwafa a sabuwa. Aikin da ke gabanmu bai kai nasu wuya ba, kuma kayan aikinsa suna nan a kasuwa. Allah ya sa waɗanda abin ya shafa su ji, su kuma aikata tun kaset ɗin suna juyawa.